Jigo, Kari da Adon Harshe: Kalmomin Nazarin Adabi Daga Zauren Gwandu Zuwa Jami'a

Duk ɗalibin da ya taɓa zama jarrabawar Hausa a makarantar sakandare ko a jami'a a Nijeriya ya ci karo da kalmomi irin su jigo da salo da amsa-amo da kari da kamance. Waɗannan su ne kayan aikin mai nazarin adabi, kuma da su ne ake auna waƙa ko labari a gane inda marubuci ya gwaninta da inda ya gaza.

Mutane da dama na zaton cewa daga Turanci aka fassaro kalmomin gaba ɗaya. Tarihi kuwa ya nuna cewa tushensu uku ne. Akwai waɗanda suka fito daga ilimin aruli da balaga na Larabci, akwai waɗanda aka ɗauko daga bakin makaɗa da manoma da makiyaya, sannan akwai waɗanda malaman jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato suka ƙirƙira tun daga shekarun 1970.

Ƙasar Gwandu a jihar Kebbi ta yanzu, wadda ta haɗa garuruwa irin su Dodoru da Kambaza da Kalgo da Jega, tana daga cikin wuraren da aka fi ganin haɗuwar waɗannan tushe.

Gwandu da ilimin waƙa

Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, wanda aka danƙa wa kula da yammacin daular a shekara ta 1812, ya rasu a Gwandu a 1829, kuma can kabarinsa yake. An fi saninsa da fiƙihu da tafsiri da sha'anin mulki, to amma kuma mawaƙi ne, masanin harshe.

A cikin littafinsa Ida'un Nusuhi, inda ya lissafa malamansa da abin da ya karanta a wurinsu, ya ambaci Ishiriniya da waƙoƙin mawaƙa shida na zamanin Jahiliyya da Maƙamatul Hariri, da littattafan balaga irin su Talhisi da Jauharul Maknuni, da kuma Ramiza a fannin aruli. Shi kansa ya wallafa Baharul Muhiɗi a nahawu, da Hisnur Rasini a sarfu, da Fatahul Laɗifi a kan aruli da ƙafiya.

A shekara ta 1813 ya tattara waƙoƙinsa na Larabci a cikin Tazyinul Waraƙati, inda yake bayyana dalilin yin kowace waƙa da yanayin da aka yi ta. Wannan shi ne abin da masu nazari a yau suke kira tarihin waƙa ko salsalarta, kuma shi ne matakin farko da ake koya wa ɗalibi kafin ya shiga feɗe baitoci. Baturen Ingila Mervyn Hiskett ya buga littafin tare da fassara a Ibadan a 1963.

Gadon bai tsaya a ƙarni na 19 ba. Alhaji Aƙilu Aliyu, wanda ake lissafawa cikin fasihan mawaƙan Hausa na ƙarni na 20, a Jega aka haife shi a 1918, ya rasu a 1999. Haka kuma Wazirin Gwandu Alhaji Umaru Nasarawa, wanda kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Birnin Kebbi take ɗauke da sunansa, sananne ne a fagen rubutacciyar waƙa.

Adabi da rassansa

Kalmar adabi daga Larabci take, kuma asalin ma'anarta tana da dangantaka da ladabi, wato kyakkyawar tarbiyya da iya magana. Masana sun raba adabin Hausa gida biyu. Na farko adabin baka, wanda ya ƙunshi tatsuniya, da ake kira gatana a yankin Sakkwato da Kebbi, da karin magana da kirari da kacici-kacici da waƙoƙin makaɗa. Na biyu rubutaccen adabi, na ajami da na boko. Kowane gida kuma yana da rassa uku: waƙa da zube da wasan kwaikwayo.

Jigo da turke

Jigo shi ne babban saƙon da marubuci yake son isarwa. A fadama aka samo kalmar. Jigo dai shi ne dogon icen da masu lambu suke kafawa a bakin rijiya ko gulbi, guga a gefe ɗaya, nauyi a ɗaya gefen, don ɗebo ruwa. Kamar yadda aikin lambu ya rataya a kan wannan ice, haka waƙa take rataye a kan saƙonta.

Masu nazari sukan nemi furucin jigo, wato baitin da mawaƙi ya faɗi manufarsa a fili, sannan su bi warwarar jigo, wato yadda ya shimfiɗa saƙon daga farko zuwa ƙarshe. Jigogin da suka fi yawa a waƙoƙin masu jihadi su ne wa'azi da madahu, wato yabon Annabi, da ilmantarwa da tarihi da marsiyya, wato waƙar makoki. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi marsiyyoyi masu yawa, kuma ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa.

A fagen waƙar baka, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya fi amfani da kalmar turke, wato icen da ake ɗaure dabba. Dalili shi ne makaɗi yakan yi ta kewaye, ya taɓo yabo, ya taɓo zambo, ya taɓo roƙo, amma duk inda ya je sai ya komo ga abin da ya ɗaure waƙar. Ƙananan saƙonnin da ake gina turken da su kuwa, su ake kira tubala.

Zubi da tsari

Wannan shi ne fasalin ginin waƙa. Layi ɗaya na waƙa shi ne ɗango, tarin ɗangogi kuma shi ne baiti. Waƙar da kowane baitinta ɗango ɗaya ne ana kiranta gwauruwa. Mai ɗango biyu 'yar tagwai ce ko ƙwar biyu, daga nan sai ƙwar uku da ƙwar huɗu da ƙwar biyar.

Tahmisi kuwa shi ne wani mawaƙi ya ɗauki waƙa 'yar tagwai ta wani, ya ƙara ɗango uku a gaban kowane baiti, ta koma ƙwar biyar, ba tare da ya ɓata kari ko ma'ana ba. Ishiriniyar da ake karantawa a watan Maulidi misali ce da kowa ya sani. Alfazazi, mutumin Andalus da ya rasu a 1230, shi ya tsara asalinta, da baiti ashirin ga kowane harafi, sannan Ibnu Mahibi ya yi mata tahmisi. A Hausa ma akwai Tabban Haƙiƙa, wadda Shehu ya tsara da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, kuma sigarta da ta shahara tahmisi ce.

Har ila yau ana duba mabuɗi da marufi. Al'adar malamai ita ce su fara da sunan Allah da salatin Annabi, su rufe da godiya da addu'a, wani lokaci tare da sunan mawallafi da yawan baitoci da shekarar da aka kammala.

Idan jimla ba ta ƙare a ƙarshen ɗango ba, ta zarce zuwa na gaba a cikin baiti ɗaya, wannan ita ce gangara. Idan kuwa ta tsallake daga baiti zuwa wani baiti, sai a kira shi saɓi-zarce.

Waƙar baka tana da nata kalmomin. Gindin waƙa shi ne abin da 'yan amshi suke maimaitawa, ɗiyan waƙa kuma su ne abin da jagora yake kawowa tsakanin amshi da amshi. Kayan kiɗa ma suna shiga nazari, domin su ne ke ɗauke da nauyin waƙar: kotso ga Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, taushi ga Salihu Jankiɗi, kalangu ga Mamman Shata.

Amsa-amo

Amsa-amo, wanda malaman zaure suke kira ƙafiya, shi ne dacewar sautin ƙarshe na ɗangogi. Iri biyu ne. Babban amsa-amo, ko na waje, shi ne sautin da kowane baiti yake ƙarewa da shi tun daga farkon waƙa har ƙarshenta. Ƙaramin amsa-amo, ko na ciki, shi ne wanda ɗangogin cikin baiti ɗaya suke tarayya a kansa, kuma yana sauyawa daga baiti zuwa baiti.

Alal misali, a waƙa ƙwar biyar, ɗango huɗu na farko suna iya ƙarewa da "ri" a wannan baiti, su ƙare da "ko" a na gaba, amma ɗango na biyar kullum da "na" zai ƙare.

Saboda muhimmancin ƙafiya, a al'adar Larabci da harafinta ake raɗa wa waƙa suna. Mai ƙarewa da dalun ita ce daliyya, mai mimun mimiyya, mai nunun nuniyya. Burda ta Busiri mimiyya ce, haka kuma waƙar begen Annabi da Shehu ya yi da Larabci yana ɗan shekara ashirin, da sunan Daliyya aka san ta.

Kari: ma'aunin waƙa

Nan ne ɗalibai suka fi shan wuya, kuma nan ne asirin rubutacciyar waƙa yake. Halilu ɗan Ahmad, malamin Basra na ƙarni na 8, shi ya fara tsara ilimin aruli, inda ya fitar da karuruwa 15, daga baya aka ƙara na 16, wato Mutadarak.

Abin da ya sa ma'aunin Larabci ya zauna daram a Hausa shi ne harsunan biyu sun yi tarayya wajen rarrabe gaɓa mai sauƙi da gaɓa mai nauyi. Gaɓa mai sauƙi baƙi ce da gajeren wasali, kamar "gi" a cikin gida. Mai nauyi kuwa ko dai baƙi ce da dogon wasali, kamar "da" a cikin gida, ko baƙi da tagwan wasali kamar "kai", ko kuma wadda baƙi ya rufe kamar "kan".

Jerin gaɓoɓi shi ke ba da ƙafa. Kalmar "Kabawa" tana da gaɓa mai sauƙi ɗaya, sannan masu nauyi biyu, wato daidai da ƙafar da masu aruli suke kira fa'uulun. Kalmar "malami" nauyi ce, sauƙi, nauyi, wato faa'ilun. Ita kuwa "almajiri" nauyi ce, nauyi, sauƙi, nauyi, wato mustaf'ilun. Maimaita ƙafafu bisa tsari shi ke haifar da kari. Idan aka jera fa'uulun, an sami Mutaƙarab. Idan aka jera mustaf'ilun, an sami Rajaz. Idan aka riƙa musanya mustaf'ilun da faa'ilun, an sami Basiɗ, wanda shi ne karin Burda. Sauran karuruwan da suka yawaita a waƙoƙin Hausa sun haɗa da Kamil da Wafir da Ramal da Ɗawil da Hafif. Sauye-sauyen da aka yarda mawaƙi ya yi wa ƙafa kuma su ake kira zihafi da illa.

Akwai wata matsala da rubutun boko ya kawo. Boko ba ya nuna tsawon wasali, don haka gado na kwanciya da gado na dukiyar mamaci rubutunsu ɗaya ne, alhali gaɓar farko ta na kwanciya mai sauƙi ce, ta na dukiya mai nauyi. Ajami kuwa yakan bambanta su. Wannan ne ya sa ake cewa da kunne ake yanka waƙa, kuma wanda bai rera baiti ba da wuya ya gane karinsa.

Masana na waje da na gida sun yi rubutu a kan batun, tun daga Joseph Greenberg na Amurka a 1949, zuwa Farfesa M.K.M. Galadanci a 1975, da Russell Schuh na jami'ar Kalifoniya. Sai dai ba a taru a kan cewa aruli ya game dukkan waƙoƙin Hausa ba. Imfiraji ta Aliyu Namangi, alal misali, wasu sun sanya ta a Ramal, wasu kuma suna ganin daga waƙar baka aka ɗauko muryarta. An kuma san Aƙilu Aliyu da ɗora waƙoƙinsa a kan muryoyin makaɗa.

Ramzi

Ramzi dabara ce ta ɓoye shekara a cikin kalma, ta hanyar lissafin abajada inda kowane harafi yake da adadi. Malaman ƙasar Hausa sun bi lissafin Magariba, wanda a cikinsa shinun take dubu ɗaya, ra kuma ɗari biyu. Don haka shekarun ƙarni na 13 na Hijira, wato zamanin jihadi, sukan zo da waɗannan haruffa biyu.

Shekarar rasuwar Shehu, 1232 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1817, za a rubuta ta da shinun da ra da lamun da ba, wato dubu da ɗari biyu da talatin da biyu. Wanda ya yi lissafi da tsarin Gabas, inda shinun take ɗari uku, zai kuskure shekarar da ƙarnoni bakwai.

Salo da adon harshe

Salo shi ne hanyar da marubuci ya bi ya isar da jigonsa. Malaman balaga sun raba iliminsu uku: ma'ani, mai duba dacewar magana da muhallinta, da bayani, mai duba hanyoyin kwatanta abu, da badi'i, mai duba ƙawata lafazi. Abdulƙahir Jurjani da ya rasu a 1078 da Sakkaki da ya rasu a 1229 suna cikin waɗanda suka kafa ginshiƙan fannin. Mafi yawan abin da ake kira adon harshe a Hausa yana da takwara a waɗannan rassa.

Kamance, ko tashbihi, shi ne kwatanta abu biyu da kalma irin su kamar ko tamkar ko awa. Rukunansa huɗu ne: abin da aka kwatanta, da abin da aka kwatanta shi da shi, da kalmar kwatance, da fuskar da suka yi kama. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya nuna cewa kamance na iya zama na daidaito, kamar a ce ruwan randa ya yi sanyi kamar ƙanƙara, ko na fifiko, kamar a ce maganarsa ta fi zuma zaƙi, ko na kasawa, kamar a ce hasken fitila bai kai na wata ba.

Siffantawa ita ce a jefar da kalmar kwatance a kira abu da sunan wani kai tsaye. Wanda ya ce malaminsa kamar kogi yake, kamance ya yi. Wanda ya ce malaminsa kogi ne, siffantawa ya yi, kuma maganarsa ta fi ƙarfi.

Jinsintarwa ita ce a ɗauki halin wani jinsi a ba wani. Idan aka ba abin da ba mutum ba halin mutum, mutuntarwa ce. Hausawa na cewa duniya budurwar wawa, kuma waƙoƙin wa'azi sun sha nuna duniya a matsayin tsohuwa da ta ci ado tana yaudarar masu nemanta. Idan aka ba mutum siffar dabba, dabbantarwa ce, kamar yadda makaɗan fada suke kiran sarki giwa ko zaki, su kira abokin gabarsa kura ko biri. Idan kuma aka mayar da mutum abu marar rai, kamar bango ko garkuwa ko dutse, abuntarwa ce.

Alamtarwa ita ce abu ya tsaya a madadin wata ma'ana da al'umma ta saba da ita. Haske na nufin ilimi da shiriya, duhu na nufin jahilci. Ba banza ba ne sunayen littattafan Malam Abdullahi da dama suka fara da kalmar Liya'u, wato haske, kamar Liya'ul Hukkami da Liya'ut Ta'awili da Liya'us Siyasati.

Kinaya ita ce a faɗi abu a sakaye ta hanyar ambaton abin da yake tafiya tare da shi. Balarabe yakan ce wane mai yawan toka ne, yana nufin karimi ne, domin yawan toka alamar yawan girki ce, yawan girki kuma alamar yawan baƙi. Bahaushe kuwa yakan ce wane ya riga mu gidan gaskiya, don kauce wa ambaton mutuwa gatsau.

Kambamawa ita ce kai abu matuƙa fiye da yadda yake, kamar a ce jarumi shi kaɗai ya kori dubu. Zayyana kuma ita ce zana hoto da kalmomi har mai sauraro ya ji kamar yana gani. Waƙoƙin wa'azi sun yi fice a nan wajen bayanin kabari da tsayuwar alƙiyama da wuta da aljanna.

Ta fuskar lafazi akwai jinasi, wato kawo kalmomi masu kama da juna a furuci amma ma'anarsu daban, kamar a ce wanda ya ci gado ya miƙe bisa gado. Akwai ɗibaƙi, wato haɗa kishiyoyi irin su dare da rana. Akwai karangiya, wato maimaita baƙi ɗaya a jere. Sannan akwai iƙtibasi, wato saka lafazin aya ko hadisi a cikin waƙa ba tare da an ce aya ce ba. Aƙilu Aliyu ya shahara da wasa da kalmomi, kamar yadda ake gani a diwaninsa Fasaha Aƙiliya da aka buga a Zariya a 1977.

Kirari, zambo da habaici

Waɗannan kalmomi uku na gida ne tsantsa. Kirari yabo ne da ake jerawa cikin gajerun jimloli masu kaifi, ko mutum ya yi wa kansa kamar yadda 'yan dambe da mafarauta suke yi, ko maroƙi ya yi wa wani.

Zambo kishiyar yabo ne. Makaɗi yakan siffanta abokin hamayyar ubangidansa da munanan kamannu, ta yadda duk wanda yake fada zai gane shi. Habaici ya fi zambo sakayawa, domin ana jefa magana ne ba tare da nuna wanda ake nufi ba, sai dai, kamar yadda karin magana ya ce, kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. A waƙoƙin fada waɗannan dabaru makamai ne na siyasa, musamman tsakanin 'ya'yan sarki masu jiran gado.

Karin harshe

Mai nazari yakan duba irin Hausar da mawaƙi ya yi amfani da ita. Yawancin waƙoƙin ƙarni na 19 da Hausar yamma aka yi su, wato ta Sakkwato da Gwandu da Kabi, inda ake cewa munka da sunka maimakon muka da suka, da biyat maimakon biyar, da ɗiya maimakon 'ya'ya.

Wannan bambanci yana da tasiri a kan kari. Gaɓar farko ta "suka" mai sauƙi ce, ta "sunka" kuwa mai nauyi. Saboda haka mawaƙan Kano da Zariya ma sukan ari "sunka" idan ma'auni ya buƙata. Wanda kuma ya ɗauki tsohuwar waƙa ya mayar da ita daidaitacciyar Hausa da sunan gyara, to karya ta ya yi.

Zube da wasan kwaikwayo

Ƙagaggun labaran boko sun samo asali ne daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. A nan ana maganar tauraro, wato wanda labari yake zagayawa a kansa, da ƙananan taurari, da zubi, wato yadda aka ƙulla al'amura aka warware su, da kuma bakin da labarin yake fitowa.

A Shaihu Umar, tauraron ne da kansa yake ba ɗalibansa tarihin rayuwarsa. A Magana Jari Ce kuwa an bi salon labari cikin labari, inda aku yake ta kawo hikayoyi, irin tsarin da aka sani a Dare Dubu da Ɗaya.

A wasan kwaikwayo, kamar Wasan Marafa na Abubakar Tunau ko Uwar Gulma na Mohammed Sada, ana raba wasa zuwa kashi da fitowa, kuma halin kowane ɗan wasa daga furucinsa da aikinsa ake gane shi, tun da babu mai ba da labari.

Yadda aka daidaita kalmomin

Da aka fara koyar da Hausa da harshen Hausa a manyan makarantu, sai buƙatar kalmomin fannu ta taso. Farfesa Ɗalhatu Muhammad na Jami'ar Ahmadu Bello ya fitar da jerin kalmomin nazarin adabi a mujallar Harsunan Nijeriya ta Kano a 1973, kuma shi ya tace ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin Hausa da aka buga a 1990.

Ɗangambo na Jami'ar Bayero ya shimfiɗa hanyar feɗe rubutacciyar waƙa a cikin Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, wanda aka sabunta bugunsa a 2007. Gusau ya fitar da Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993. Farfesa Abdullahi Bayero Yahya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ya wallafa Jigon Nazarin Waƙa a 1997 da Salo Asirin Waƙa a 2001.

Duk da haka akwai sauran saɓani. Wani malami zai ce ƙafiya, wani ya ce amsa-amo. Wani zai ce ɗango, wani ya ce layi ko shaɗara. Iyakar da ke tsakanin siffantawa da alamtarwa da kinaya ma takan bambanta daga littafi zuwa littafi, abin da kan rikita ɗalibai a lokacin jarrabawa.

Abin da sanin kalmomin yake karewa

Amfanin wannan ilimi ya wuce cin jarrabawa. Akwai tarin rubuce-rubucen hannu a gidajen malamai da kuma wuraren adana tarihi, irin su cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato da Gidan Arewa a Kaduna. Yawancinsu kwafi ne na kwafi, kuma masu kwafa sukan yi kuskure. Idan kwafi biyu suka saɓa a kan kalma, kari da ƙafiya su ne kan nuna wadda mawaƙi ya rubuta. Ramzi yakan ba da shekara, salo da karin harshe kuma sukan taimaka wajen tantance ko waƙar da aka jingina wa wani malami tasa ce.

Haka nan masu rubuta tarihi suna dogara da waƙoƙi. Malam Abdullahi ya yi waƙa a kan yaƙin Tabkin Kwatto na 1804, ya kuma yi wata yana kokawa da yadda son mulki da dukiya ya shiga zukatan wasu daga cikin jama'ar jihadi, a lokacin da ya bar rundunar ya nufi gabas har ya tsaya a Kano. A wasu ƙasidunsa ya bi al'adar mawaƙan Larabawa ta buɗe waƙa da tsayawa a kufai ana tuna waɗanda suka tashi. Wanda bai san wannan al'ada ba zai ɗauki kufan a matsayin wani wuri na zahiri, kamar yadda wanda bai san kambamawa ba zai ɗauki adadin da makaɗi ya faɗa a matsayin ƙidaya.

Kalmomin dai suna aiki a kan sabon adabi kamar yadda suke yi a kan tsoho. Da su ne ake nazarin littattafan soyayya na Kano da suka bunƙasa tun daga shekarun 1980, da waƙoƙin finafinan Hausa, da waƙoƙin siyasa da ake saki a lokacin zaɓe, inda zambo da habaici da kambamawa suke nan kamar yadda suke a fadar sarakuna.